Ko Kun Sani? Malamin Labarin Ƙasa Da Ya Shugabanci Majalisar Dattawa

Kafin Ahmad Lawan ya shiga siyasa, malami ne a Jami'ar Maiduguri, inda ya yi digirinsa na farko a fannin labarin ƙasa a 1984. Ɗan Gashuwa ne a jihar Yobe. A 1996 ya samu digirin dakta a Jami'ar Cranfield ta Ingila, a fannin nazarin ƙasa da hotunan tauraron ɗan'adam.

An zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1999, ya zama sanatan Yobe ta Arewa a 2007, ya kuma shugabanci Majalisar Dattawan Najeriya daga 2019 zuwa 2023.

A 2009 ya soki shirin gina dam ɗin Kafin Zaki a jihar Bauchi. Hujjarsa ita ce, dam ɗin Tiga da na Challawa sun riga sun rage ruwan da ke gangarawa kogin Yobe, har manoma da makiyaya suna rigima a kan fadamar da ta rage. Wannan kogi ne ya raba Nijar da Najeriya a yankin Diffa, kuma da ruwansa ake noman tattasai a can.