Amsar Tambaya: Mene Ne Bambancin Injinan Peugeot 404, 504 da J5?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a yankin Dandume ta Jihar Katsina. Ya ce injin motarsa akori-kura ƙirar Peugeot 504 ya buga, bakanike ya ba shi shawara ya sayi na hannu. Da ya je kasuwa sai aka nuna masa inji uku, kamanninsu ɗaya sak, amma kowanne da kuɗinsa. Shi ne yake tambaya, shin akwai bambanci na gaskiya a tsakaninsu, ko kuwa wayon masu sayarwa ne kawai?

To, Malam mai tambaya, akwai bambanci, kuma ido ba ya ganinsa daga waje. Injinan nan 'yan gida ɗaya ne, kamar wa da ƙane. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa, wanda mu nan muke kira Fijo, shi ya fara fitar da babban wansu a cikin mota 404 a shekarar 1960. Dukkansu masu shan fetur ne, silinda huɗu a jere, kuma idan ka buɗe bonet ɗin 404 ko 504 za ka ga injin ya kishingiɗa gefe guda, bai tsaya sak ba. Ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi don kada gaban motar ya yi tudu. Gangar jikinsa, wato bulok, baƙin ƙarfe ne, shi kuwa kan injin da makanikai suke cewa tof, na alminiyam ne. Sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsa, ba bel ba. Ka riƙe wannan magana ta sarƙa, za ta yi maka amfani nan gaba.

Kafin mu shiga lambobi, bari in yi misali da abin da kowa ya sani a gida. Ka ɗauki silinda a matsayin turmi, fistan kuma taɓarya. Abu biyu ne suke nuna yawan abin da turmi zai ci: faɗin bakinsa, da nisan da taɓarya take yi daga sama zuwa ƙasa. Haka yake a inji. Idan aka faɗaɗa silinda, ko aka ƙara wa fistan nisan tafiya, injin zai riƙa zuƙar iska da fetur fiye da da, ƙarfinsa ya ƙaru, shan mansa ma ya ƙaru. Wannan cikin shi ake aunawa da abin da ake kira cc, kuma cc 1000 shi ne lita ɗaya.

Na farko shi ne wanda kamfanin ya sa wa suna XC, injin 404. Faɗin silindarsa milimita 84, tafiyar fistan milimita 73, jimlar cikinsa cc 1618. Shi ake ce wa 1.6. Dattawan direbobi sun san shi sarai, don shi ya yi ta jan akori-kura 404 a hanyoyin ƙauye. Da akori-kura 504 ta gaji 404, an ci gaba da sa mata irinsa mai suna XC7, mai ƙarfin doki sittin da 'yan kai. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri.

A 1968 aka fito da 504, aka ga tana bukatar inji mai ɗan ƙarfi. Sai aka bar faɗin silinda yadda yake, milimita 84, aka ƙara tafiyar fistan zuwa milimita 81. Ciki ya koma cc 1796, wato 1.8, sunansa XM. Wani nau'insa da aka sassauta, XM7, mai kafireto mai baki ɗaya, yana ba da ƙarfin doki kusan 80, kuma an sa shi a salun mai sauƙin kuɗi da wagon da akori-kura.

Bayan shekara biyu, a 1970, sai aka juya ɗaya hannun. Aka bar tafiyar fistan a milimita 81, aka faɗaɗa silinda zuwa milimita 88. Nan aka samu cc 1971, wanda ake zagaye lissafin a ce 2.0. Kowace silinda tana cin kusan rabin lita ke nan, kamar ledar ruwan nan da muke saye a tasha. Wannan shi ne XN1, mai kafireton Solex mai baki biyu, ƙarfin doki 93 da farko, daga baya ya kai 96. Yana da ɗan'uwa XN2 wanda ba shi da kafireto, famfo ne na Kugelfischer yake fesa masa mai, ƙarfinsa 104. Shi wannan na masu son gudu ne. Mota 504 ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har bayan shekarar 2000, alhali a Faransa an daina yin salun ɗinta tun 1983. Yau dai ba a yin sabuwa a ko'ina, shi ya sa duk mai ita ya dogara ga kasuwar kayan hannu irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Ka ga ke nan abin da ya raba 1.6 da 1.8 milimita takwas ne na tafiya, abin da ya raba 1.8 da 2.0 kuwa milimita huɗu ne na faɗi, bai kai kaurin ƙwayar masara ba. Duk a ciki suke a ɓoye. Amma wannan ɗan abin shi ne zai sa ringi da fistan na 1.8 su ƙi zama a 2.0, gaskit ɗin tof ma kowanne da nasa. Mutum ya sayi kaya ba tare da sanin injinsa ba, ya yi tafiyar rabin yini ya koma gida, sannan a ce masa ba su shiga. Kuɗin mota biyu, ga kwanan kasuwa ya wuce.

Saboda haka kada ka biya kuɗi a kan kalmar baki. Ka tafi da bakaniken da ka amince da shi, ya goge jikin bulok ya duba lambar da aka buga a kai. Kada ka dogara da kafireto wajen gane inji, don kafireto abu ne da ake cirewa a ɗaura wani cikin rabin awa. Idan lambar ta goge, ko an ga alamar an taɓa ta, to ka roƙi mai kaya a buɗe tof a auna bakin silinda a gabanka. In 88 ne, 2.0 ne. In 84 ne, sai a juya inji a auna nisan da fistan yake sauka, a ga 73 ne ko 81. Wanda ya ƙi yarda a buɗe, ni dai a ganina ka yi masa sallama.

Akwai tarko guda biyu da ya kamata ka sani. Na farko J5, motar nan ta masu kayan gwari da ta fito a 1981. Injinta na fetur ɗan gidan nan ne, ana kiransa XM7T ko XN1T, amma an shirya shi ne ya zauna a gicciye yana jan ƙafafun gaba, an kuma rage masa ƙarfin doki don ya jure kaya. Kayan cikinsa suna kama da na 504, amma mazauninsa da abubuwan da ke kewaye da shi daban ne, ba a ɗauka a jefa shi cikin akori-kura haka nan. Na biyu kuwa 505, wadda ta fito a 1979. Da yawa daga cikinta XN1 ɗin nan ne a ciki, amma akwai masu wani inji mai cc 1995 wanda shi ma ake ce wa 2.0, alhali ba dangin juna ba ne ko kaɗan. Shi wannan Peugeot da Renault ne suka yi shi tare, jikinsa duk alminiyam, kuma bel ne yake juya shi. Ga amfanin maganar sarƙa da na ce ka riƙe: in ka ga murfin bel a gaban inji, to ba na gidanku ba ne.

Wanne ya fi dacewa da kai? Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowa yana neman inji mai ƙarancin sha, kuma mutane suna ɗauka ƙarami shi ne mai sauƙi. Ba kullum ba. Mai ɗora buhunan masara yana hawa tudu da 1.6 zai wuni a giya ta biyu ƙafarsa a ƙasa, man da yake gudun sha sai ya sha shi, inji kuma ya yi ta zafi. Ga mai kaya masu nauyi, ni na fi son 1.8 ko 2.0 mai kafireto. Mai zirga-zirga da kaya marasa nauyi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, 1.6 ya ishe shi. Shi kuwa mai famfon Kugelfischer, ko da an yi maka araha ka bar shi, don samun wanda ya iya saita shi a karkara wuya ne.

Akwai wani hali da duk 'yan gidan nan suke da shi, wanda ya sa makanikanmu suke ƙaunarsu. Silindarsu silif ne da ake zarewa, ruwan lagireto yana zagaya shi kai tsaye. In inji ya tsufa ba sai an kai bulok wurin masu gurza ba, a sayi silif da fistan da ringi sababbi a zuba, ya dawo da ƙarfinsa. Wannan ma ya sa nake cewa ka sa a duba tsohon injinka da kyau tukuna, wataƙila gyaransa ya fi sayen wanda ba ka san tarihinsa ba. Sai dai silif yana da sharaɗi. Idan an cire tof, kada a juya inji sai an danne silif ɗin, in ba haka ba zai motsa daga mazauninsa, abin da ya toshe ƙasansa ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Duk ranar da ka zaro sandar awon mai ka ga ya yi fari kamar koko, kashe motar nan take.

Shi kuma tof na alminiyam ba ya son zafi. Inji ya tafasa sau ɗaya ko biyu, sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Ruwan rijiya mai kanwa yana toshe lagireto a hankali, gara ruwan sama da aka tace in ba a samu na kanti ba. Kuma kada a kwara ruwan sanyi a cikin injin da ya tafasa, a jira ya huce. Baƙin mai wajen lita huɗu yake ci, wutar fulogi kuma tana bin tsarin 1-3-4-2 a dukkansu.

Masu tambaya a kan injin 504 mai shan man gas, wannan wani gida ne daban, za mu ɗauko takardunku a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A ci gaba da aiko da tambayoyi, a kuma riƙa rubuta lambar inji a cikin takarda don amsa ta zo daidai.