Kwamfuta Ma Tana Jin Zafin Bazara

A watan Afrilu, zafin Ɗambatta da Bichi yakan wuce digiri 40. Kwamfutar da ɗanka ya harhaɗa da kuɗin gyaɗa ita ma tana jinsa. Ƙwaƙwalwarta, wato farosesa, in tana aiki mai nauyi, digiri 70 zuwa 80 ba laifi. In ta kai 95 ko 100, sai ta rage gudu, ko ta ɗauke gaba ɗaya. Manhajar Core Temp tana nuna awon.

Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. A kashe na'urar, a zare wayar wuta, a share da busasshen burushi. A ɗora ta bisa tebur, nesa da bango, kada a lulluɓe ta da zane tana aiki. Babban aiki kuwa, a bari sai da sassafe.