Maganin ƙarfin maza: Abin da ya kamata magidanta a Katsina su sani kafin su haɗiyi ƙwaya

Da la'asar sakaliya a bakin tashoshin mota da kasuwannin birnin Katsina, da wuya a rasa mota mai lasifika tana tallar maganin ƙarfin maza. A cikin unguwanni kuwa, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, wani magidancin yakan jira sai mutane sun ragu a kemis, sannan ya matsa ya faɗi buƙatarsa ƙasa-ƙasa. Kunya ce ke hana da yawa zuwa asibiti, kuma daga nan haɗarin yake farawa.

Yadda ƙwayar take aiki

Sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, kamfanin Pfizer ne ya samar da ita a Ingila lokacin da yake neman maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. A 1998 Amurka ta amince da ita a matsayin maganin raunin mazakuta. Tadalafil, wato Cialis, ta biyo baya a 2003.

Aikinsu ɗaya ne: suna sassauta jijiyoyin jini domin jini ya isa gaba sosai. Ba sa haifar da sha'awa, ba sa kuma warkar da abin da ya jawo raunin. Sildenafil na zuwa a miligiram 25 da 50 da 100. Ana shanta kamar awa ɗaya kafin kusantar iyali, tana aiki wajen awa huɗu, kuma abinci mai maiƙo na jinkirta ta. Tadalafil kan kai awa 36 a jiki. Dukkansu ba a shan su fiye da sau ɗaya a yini, ba a kuma haɗa su.

Waɗanda za ta iya kashewa

Haɗari mafi girma yana kan masu shan maganin ciwon ƙirji na zuciya, irin su nitroglycerin da ake sa wa ƙarƙashin harshe, da isosorbide. Su ma jijiyoyin jini suke buɗewa. Idan suka haɗu da ƙwayar ƙarfin maza, bugun jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya suma, wani lokaci har ya rasa ransa.

Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da mai ciwon hanta ko ƙoda, da dattijon da ke shan maganin kumburin mafitsara irin su tamsulosin, duk sai likita ya duba su kafin ya rubuta, ko ma ya hana.

Ciwon kai, toshewar hanci da ƙwannafi na cikin illolin da aka saba gani, kuma sukan wuce. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: gaba ya miƙe fiye da awa huɗu bai kwanta ba, gani ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko ciwon ƙirji. Miƙewar da ta wuce awa huɗu na iya lalata gaban har abada, kuma masu cutar sikila sun fi fuskantar wannan. Wanda aka kai asibiti ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha.

Ba kullum basir ba ne

A ƙasar Hausa an saba ɗora raunin mazakuta a kan basir ko sanyi. Likitoci kuwa na kallonsa a matsayin ƙararrawa. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sukan riga su nuna alamar toshewa. Sau da dama raunin ne farkon abin da ke tona ciwon suga ko hawan jini. Taba, tiramadol, ƙiba da damuwa ma na jawo shi, haka wasu magungunan hawan jini. Mai shan su kada ya daina da kansa, ya koma wurin likita a sauya masa.

Su ma magungunan gargajiya na kwalba da na garin da ake zubawa a shayi ba su da tabbas. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi kan magungunan ƙarfin maza marasa rajista, kuma a ƙasashe da dama an gano sildenafil a ɓoye cikin waɗanda ake tallata su da sunan na ganye ne zalla. Mai ciwon zuciya zai iya sha bai san me ya sha ba.

Ina mafita?

A dokar Najeriya, waɗannan ƙwayoyi na cikin magungunan da sai da takardar likita, kuma ƙananan kemis ba su da izinin sayar da su. A Katsina, magidanci na iya ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina, a auna masa jini da suga, a duba sauran magungunan da yake sha. Idan an rubuta masa, ya saya a kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magunguna, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kada kuma ya ba aboki ko ango.

Hausawa na cewa mai ɓoye ciwo, ciwo zai ɓoye shi. Minti goma na kunya a gaban likita sun fi sauƙi a kan daren da iyali za su kwana a ɗakin gaggawa.