SABUWAR KWAMFUTA A OFISHIN HAKIMI: YADDA A KE SHIRYA TA, DA YADDA A KE KIYAYE TA

An shirya wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu waɗanda aka kai wa ofisoshinsu kwamfuta irin wadda a ke ninkewa a sa cikin jaka, wadda jama'a ke kira kwamfutar tafi-da-gidanka, waɗansu kuma su ce kwamfutar cinya.

Sanin kowa ne cewa a da dukiyar ofishin gunduma ita ce rajista da fayil da tafireta. Rajista in ta cika a kan ɗaure ta a ajiye cikin kabad, ko bayan shekara talatin in rigimar gona ta tashi sai a ɗauko ta a karkaɗe a duba. Yanzu kuwa wasiƙun da ke zuwa Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma, da sunayen dagatai da masu unguwa, da bayanin sulhun iyakoki, duk sun fara komawa cikin kwamfuta. Ita na'urar in ta lalace kuɗi na sayen wata, amma rubutun da ke cikinta in ya salwanta babu kasuwar da a ke sayensa. Mafi yawan irin wannan hasara kuwa tun daga ranar farko a ke shuka ta, saboda haka ya wajaba a san abin da za a yi tun kafin a yage kwali.

1. SASSAN NA'URAR

In an buɗe ta za a ga kashi biyu. Na sama shi ne fuska, inda rubutu ke bayyana. Na ƙasa yana ɗauke da madannan haruffa, waɗanda jerinsu ɗaya ne da na tafireta, domin ya samo asali daga tafiretar da kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874. Don haka malamin da ya taɓa buga tafireta ba baƙo ba ne a nan. Gaban haruffan akwai wani ɗan fili mai santsi, in an ja yatsa a kansa sai wata 'yar kibiya ta motsa a fuska, da ita a ke nuna abin da a ke so a buɗe.

A ciki akwai wurin ajiya iri biyu, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin sanin kwamfuta. Na ɗaya kamar teburin malami ya ke, a nan a ke baza aikin da a ke cikin yi, amma da zarar an kashe na'urar sai teburin ya zama wayam. Ma'aikata na kiransa RAM. Na biyu shi ne ma'aji, watau kamar kabad, abin da aka sa cikinsa yana nan ko da wuta ko babu. Wasiƙar da aka buga ba a adana ba tana kan tebur ne tukuna.

Mai tafiyar da dukan waɗannan ita ce babbar manhaja, wadda a yawancin ofisoshi Windows ce ta kamfanin Microsoft, kuma a kanta wannan bayani zai tsaya.

2. RANAR DA TA ISO

Ya kamata a buɗe kwalin a gaban Hakimi ko wakilinsa. A duba a tabbata akwai na'urar, da caja, da takardun garanti, kuma babu tsagewa a fuska. A ƙarƙashin kowace kwamfuta akwai lambar da kamfani ya ba ta, wadda babu wata mai irinta. A rubuta wannan lamba cikin littafin kayan ofis tare da kwanan wata da sunan malamin da aka danƙa wa. In an yi sata, ko an kai gyara an yi musaya, da lambar nan a ke shaida. Kwali da rasit kuma a adana su har wa'adin garanti ya ƙare, wanda galibi shekara guda ne.

A jikin caja a kan rubuta ƙarfin wutar da ta ke ɗauka, yawanci daga 100 zuwa 240. Wutar Nijeriya 230 ce, saboda haka ta dace. In filoginta bai shiga soket mai ƙafa uku irin na ƙasar nan ba, a nemi mahaɗi mai kyau, kada a cusa tsirarar waya.

Abin lura kuma shi ne irin Windows ɗin da ke ciki. Windows 11 ta fito a 2021, ita kuwa Windows 10 kamfanin ya janye mata tallafinsa na yau da kullum tun ran 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da aka kawo da sunan sabuwa alhali Windows 10 ce a kanta, lalle a tambayi wanda ya kawo ta dalili, domin mai yiwuwa ne ta hannu ce aka goge.

3. KUNNAWA TA FARKO

A zaɓi lokacin da akwai wuta tsayayya da intanet, a jona caja, sa'an nan a danna maɓallin kunnawa sau ɗaya. Na'urar za ta yi tambayoyi bi da bi: ƙasa, harshe, tsarin haruffa, da hanyar intanet. A zaɓi Nijeriya, a kuma duba agogo da kwanan wata su yi daidai, domin kowace takarda da aka adana tana ɗaukar lokacinta daga agogon nan.

Daga nan za ta nemi a buɗe asusu, watau adireshin imel da kalmar sirri. Nan ne a kan yi babban kuskure. Sau da yawa yaron shago ne ke shirya na'urar, ya sa nasa adireshin don sauri, ko kuwa malami ya sa na kansa. Ranar da aka yi wa malamin canjin wurin aiki, ko Allah ya yi masa rasuwa, sai ofis ya wayi gari da kabad a kulle, makulli yana hannun wanda ba ya nan. Saboda haka a buɗe asusun da sunan ofishin gunduma, lambar wayar da za a haɗa da shi kuma ta kasance wadda Hakimi ke da iko a kanta.

Kalmar sirri kada ta zama sunan gari, ko sarautar Hakimi, ko shekarar haihuwa, gama waɗannan su mai mugun nufi zai fara gwadawa. Gara a haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna, a ƙara lambobi.

Akwai kuma wani makulli da mutane da yawa ba su san da shi ba. Yawancin sababbin kwamfutoci su kan rufe ma'ajinsu ta yadda ko ɓarawo ya cire shi ba zai iya karanta kome ba. Wannan abu ne mai kyau, sai dai wata rana, musamman bayan gyara, na'urar ta kan nemi wata lamba mai alƙalami 48 kafin ta buɗe. Lambar tana cikin asusun Microsoft da aka buɗe. A kwafe ta da hannu tun yau, a haɗa da kalmar sirri, a sa cikin ambulan a manne, Hakimi ya ajiye inda ya ke ajiye hatiminsa. In lambar nan ta ɓace, ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba shi da dabarar buɗe ta.

Bayan wannan sai ta shiga sabunta kanta. Ta kan ci data mai yawa, ta kan kuma kashe kanta ta kunna har sau biyu ko uku. Kada a tsorata, kada kuma a cire mata wuta. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

4. HARUFFA MASU LANƘWASA

Malaman da suka yi zamani da tafireta sun tuna yadda a kan bi takarda da alƙalami ana lanƙwasa ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙawa ba ce. Rahoton da ya ce baƙi sun shigo gari ba ɗaya ya ke da wanda ya ce baki ba, haka nan ƙasa da kasa, ko ƙafa da kafa, kuma takardar shari'ar gona ba ta son shakka.

Windows tana da tsarin haruffan Hausa a cikinta. A shiga wurin da aka rubuta Settings, a nemi sashen lokaci da harshe, a ƙara Hausa. Daga nan in an riƙe maɓallin Alt na hannun dama aka buga b, ko d, ko k, sai mai lanƙwasa ya fito. In ana son komawa tsarin Turanci, a riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows a buga dogon maɓallin tazara.

5. SABAWA DA AIKI

Ba a koyon kwamfuta da kallo. Malami ya ware rabin sa'a kowace safiya, ya ɗauko tsohuwar wasiƙa ya buga ta, har hannunsa ya faɗa. Akwai dabaru kaɗan da za su sauƙaƙa masa. Ctrl tare da S tana adana aiki, watau ta ɗauke shi daga tebur ta kai kabad, ya kamata ta zama masa jiki bayan kowane sakin layi. Ctrl tare da Z tana warware kuskuren da ya yi yanzu. Ctrl tare da C tana kwafe rubutu, Ctrl tare da V ta sauke shi a wani wuri. Maɓallin Windows tare da L kuwa yana kulle fuska, a duk lokacin da malami zai tashi salla ko Hakimi ya kira shi.

A tsara takardu kamar yadda a ke tsara fayil. A buɗe jaka guda ta kowace shekara, a cikinta a buɗe ta wasiƙun Majalisar Sarki, da ta Ƙaramar Hukuma, da ta gonaki da iyakoki, da ta naɗin dagatai. Kowace takarda a ba ta suna mai ma'ana, a fara da kwanan wata, sa'an nan batunta, domin wanda zai gaji kujerar ya same ta ba tare da tambaya ba. Abin da aka goge bisa kuskure yana komawa cikin kwandon shara da ke kan fuska, ana iya dawo da shi muddin ba a zubar da kwandon ba.

Rufe murfi ba kashewa ba ne, barci kawai na'urar ta yi, tana kuma shan batir a hankali. In an tashi daga aiki a kashe ta ta hanyar da aka tanada a fuska.

6. ABUBUWAN DA KE KASHE TA

Na farko zafi. Na'urar tana shaƙar iska ta waɗansu kafofi a ƙarƙashinta da gefenta. In an ɗora ta a kan darduma ko katifa ko matashi sai kafofin su toshe. A ɗora ta a kan tebur ko allo mai tauri, kada kuma a bar ta cikin mota a rufe da bazara, domin zafi yana rage kwanakin batir.

Na biyu ƙura. Da hunturu a rufe ta a sa a jaka da zarar an gama aiki, a riƙa share ta da busasshen ƙyalle mai laushi.

Na uku wuta. A cire caja kafin a tayar da janareto, a bari ya daidaita tukuna. Haka nan a cire ta in hadari ya taso da tsawa.

Na huɗu ruwa. Shayi da kunu ba su da wuri a teburin kwamfuta. In tsautsayi ya faɗa, a kashe ta nan take, a cire caja, kada a sake kunnawa sai ma'aikaci ya duba.

Na biyar cutar kwamfuta, wadda ta kan shigo ta filashin da ya yi yawo a shagunan buga takardu, ko ta saƙon da ba a san mai aiko shi ba. Windows tana da mai gadinta a ciki, sunansa Microsoft Defender, a bar shi a kunne. Kwamfutar ofis kuma ba ta kallon fim ba ce, ba ta wasan yara ba ce.

7. KWAFI

A da ba a buga wasiƙa sai an sa takardar kabon, domin ɗaya ta tafi ɗaya ta zauna. Wannan ƙa'ida ba ta mutu ba. Kome kyan kwamfuta, ma'ajinta yana iya mutuwa dare ɗaya babu sallama. Saboda haka a sayi ma'aji na waje, a tsai da rana guda a mako, misali Alhamis kafin a tashi, a kwafe dukan jakunkunan aiki a kansa. A ajiye shi a wani gini dabam, gama kwafin da ke jaka ɗaya da kwamfuta ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su, gobara ɗaya ce za ta cinye su. Sau ɗaya a wata a buɗe kwafin a ga ko yana karantuwa. Takardu masu nauyi kuwa, irin na sulhu da na naɗi, a buga su a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a sa a fayil kamar yadda aka saba.

A tuna kuma sunayen talakawa da lambobin wayarsu da sirrin gidajensu amana ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin wannan bayani nauyin tsare shi. In za a kai na'urar gyara, a fara yin kwafi, malami kuma ya tafi da ita da kansa.

8. ABIN DA KE WUYAN HAKIMI

Ba lalle ba ne Hakimi ya iya buga haruffa, amma lalle ne ya san abu huɗu: lambar na'urar tana cikin littafi, asusun da sunan ofis ya ke, ambulan ɗin makulli yana hannunsa, kuma an yi kwafin wannan mako. Ya kyautu a koya wa malami na biyu aikin, domin kada ciwon mutum ɗaya ya tsai da ofis. Ranar da malami zai bar aiki ya miƙa na'urar da caja da ma'ajin waje a rubuce, a canja kalmar sirri a ranar.

Hakimin da ya kiyaye waɗannan zai bar wa magajinsa tarihin gunduma cikakke, kamar yadda shi ma ya tarar da rajistar magabatansa. Rigakafi ya fi magani.