Ranar da situdiyo ya bi mawaƙi gona

Marigayi Ali Farka Toure, shahararren makaɗin jita na ƙasar Mali, ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa shi manomi ne kafin ya zama mawaƙi. Masu shirya faya-fayensa sun tabbatar da gaske yake bayan fitowar Talking Timbuktu a 1994, kundin da ya ɗauka a Amurka tare da Ry Cooder, wanda ya samo masa lambar Grammy. Kasuwa ta buɗe masa, amma sai ya koma garinsu Niyafunke da ke bakin kogin Neja, ya duƙufa ga noman shinkafa.

Da Nick Gold na kamfanin World Circuit ya ga babu alamar mutumin zai baro gida, sai ya kwashi na'urorin ɗaukar sauti da janareto ya bi shi har can. Aka kafa kaya a wani tsohon gini da aka daina amfani da shi. Ali ya tafi gona, injiniya ya zauna jira. In ya dawo, makaɗansa su kewaye shi da ƙwarya da ganguna, a ɗauki kiɗan gaba ɗayansa a zama guda. Kundin ya fito a 1999 da sunan garin. A ganin Ali, kiɗan nan a ƙasar nan ya tsiro, kuma a nan ne yake fita da cikakken ƙarfinsa.

Haka ya sake yi da Toumani Diabate, gwanin kora, a wani otal na Bamako. Ba su yi gwaji ba, suka zauna suka fara, kowa na sauraren ɗan'uwansa. Abin da ya fito shi ne In the Heart of the Moon na 2005, wanda shi ma ya ci Grammy.

Na kawo wannan labari ne saboda abin da nake gani a situdiyoyinmu na Kano. A mafi yawansu ana haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta tun kafin mawaƙi ya iso, ya ɗora murya baiti bayan baiti, mai amshi ta zo daga baya ta ɗora tata, wataƙila ma ba su haɗu ba. Ban raina wannan hanya ba, domin ita ce ta ba yaron da ba shi da ubangida damar fitar da albam da ɗan abin da ke aljihunsa. Sai dai duk wanda ya saurari tsofaffin kasusuwan Mamman Shata ya san abin da ta rage mana. Can za ka ji kalangu na ba mawaƙi amsa, ya tsaya su cike gurbin, ya sauya zance nan take 'yan amshi su bi shi ba tare da an faɗa musu ba. Kiɗan da aka riga aka adana a kwamfuta ba ya jiran mawaƙi, shi ne dole ya bi shi.

Masu kalangu da kukuma da gurmi suna nan da ransu a garuruwanmu, galibinsu sai gidan biki ake jin su. Na'urar da Nick Gold ya sha wahalar kaiwa Niyafunke kuwa, yau irinta na shiga jakar goyo.