Yadda Ake Koya wa Kaji Kwana a Akurki

A zamanin da, in rana ta faɗi, masu tsaron birnin Zariya sukan rufe ƙofofin ganuwa. Manomi ya dawo daga gona, mai itace ya shigo da kayansa ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, sa'an nan a ja ƙyaure. Wanda ya makara ya kwana a waje, shi da tsoro. Yanzu ba a rufe ƙofofin nan, ganuwar ma ta zube a wurare da yawa. Amma har gobe akwai wata ƙaramar ƙofa a gidajenmu wadda tilas a rufe ta kowace magariba, ita ce ƙofar akurki.

Ku duba gidajen unguwarku, ko Kwarbai ce ko Juma ko Ƙaura. Da wuya ku sami gidan da babu kaza. Da safe a sake su, su fita su yi ta tono a gindin katanga da bakin juji, suna cin ƙwari da tsabar da ta zube. Kazar nan dukiya ce. Uwa takan sayar da zakara ta sayi sabulu da littafin makaranta, in baƙo ya zo ko Salla ta yi a yanka ɗaya. Saboda haka kazar da ta ɓata da dare asara ce ga gida duka.

Ɗan tsako yakan fito daga ƙwai bayan kwana 21. Tun daga ran nan uwarsa ce ɗakinsa, ƙarƙashin fukafukanta yake kwana. Bayan mako 6 zuwa 8 gashinsa ya fito sosai, sai uwar ta yaye shi, ta koma neman yin wani ƙwai. To, a nan wahalar take farawa. 'Yan kajin sun rasa mai yi musu jagora. In magariba ta yi sai su haye katanga, ko rufin rumbu, ko reshen mangwaro ko na darbejiya, su kwana can. Haka kuma 'yan kajin da aka sayo a kasuwa, ko waɗanda aka ƙyanƙyashe da inji, irin kajin nan masu yawan ƙwai da masana suka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Su ma ba su san inda gidansu yake ba sai an nuna musu.

Me ya sa kaza take son hawa sama? Ba taurin kai ba ne, gado ne. Asalin kajin duniya duka wata kazar daji ce mai jan gashi, wadda har yanzu ana samunta a dazuzzukan Indiya da Tailan da ƙasashen da ke kusa da su. Ita wannan a bisa itace take kwana, domin gudun namun dajin da ke yawo a ƙasa. Kaza kuwa ba ta gani sosai cikin duhu. Da zarar dare ya yi sai ta natsu wuri guda, ko an kama ta ba ta iya yin wani abin kirki. Don haka tun da sauran haske take neman wuri mai tsawo.

Amma bisa itace ba tsira ba ne a cikin gari. Muzuru gwanin hawa ne, maciji ma yana hawa, mujiya kuwa da dare take farauta. In ɗan kaza ya faɗo ƙasa, ga tunku da kare suna jira. Ɓarawo kuma ba ya shan wahalar ɗauke kazar da ke barci a kan katanga. Ban da waɗannan akwai ruwan damina, musamman na watan Agusta, da sanyin hunturu, waɗanda kan kashe ƙananan kaji. Hausawa sun ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne, amma mai hankali ba ya miƙa wa muzuru zakaransa.

To, yaya za a yi? Kada ku manta da abu guda: kaza da sabo take aiki. Inda ta kwana ta tashi kwanaki a jere, nan ta sani gida. Aikinku shi ne ku sa ta saba da akurki kafin ta saba da itace.

Da farko ku gyara akurkin. Sau da yawa kaji ba sa ƙin akurki sai da dalili. Ku share kashin da ya taru, ku kai shi gona ko lambu, gama taki ne mai kyau. Ku duba tsagar bango, nan ƙuma da kaska suke ɓuya da rana, su fito da dare su sha jinin kaji. Ku yaɓe tsagar da laka, ku barbaɗa tokar murhu mai sanyi a ƙasa. Ku bar 'yan ƙananan kafofi daga sama domin iska, amma kada su yi faɗin da maciji ko gafiya za su shiga. Ƙofa kuma ta zama mai rufuwa gam.

Na biyu, tun da yake kaza na son hawa, ku ba ta abin hawa a ciki. Ku gitta sanda mai kaurin ƙotar fartanya, tsawonta daga ƙasa kamar kamu ɗaya. Kowace kaza tana bukatar wuri kamar taƙi guda, watau santimita 20. Kaji 10 ke nan sai sanda mai mita 2, ko sanduna biyu masu mita ɗai-ɗai. In manyan kaji suna saran ƙanana, ku sa wa ƙananan tasu sandar dabam.

Na uku, ku tsare 'yan kajin a ciki kwana 3 zuwa mako guda, kuna ba su ruwa mai tsabta da dusa da tsaki. In akurkin ƙarami ne, ko kuwa lokacin bazara ne, kada ku kulle su cikin zafi. Ku kewaye bakin ƙofar da zana ko raga, su sami inuwa da wurin motsawa. Ran da za ku fara sakinsu, ku bari sai bayan la'asar. Lokacin nan ba za su yi nisa ba kafin rana ta faɗi.

Na huɗu, ku riƙa ba su abinci da yamma a bakin akurki. Ku ɗebi ɗan dawa ko gero a ƙwarya, ku ƙwanƙwasa ta, ku watsa kaɗan a waje, sauran a ciki. Ku yi haka kullum a lokaci ɗaya, kafin kiran sallar magariba. Ba da daɗewa ba, da sun ji ƙarar ƙwaryar za su sheƙo a guje. In cikin akurkin ya fi waje duhu, ku haska tocila a ciki na ɗan lokaci, gama suna bin haske. Kada ku sa fitilar aci-balbal ko wata wuta, don gudun gobara.

Duk da haka ba a rasa ɗaya ko biyu da za su koma kan itace. Kada ku jefe su, kada ku bi su da sanda. Kazar da aka kora da duka tsoron mai ita take koya, ba hanyar akurki ba. Ku bari sai duhu ya yi ta natsu, ku kira babba ya riƙe muku tocila. Ku ɗauke ta da hannu biyu, kuna danne fukafukanta a hankali, ku ɗora ta bisa sandar akurki, ku rufe ƙofa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu za ku ga tana shiga da kanta. Ku tuna, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sagara ta fi tsohuwar kaza saurin koyo.

Akwai wata riba kuma. Kazar da ke kwana a akurki a nan kusa za ta yi ƙwai, ba a cikin ciyawa ba. Mai ita kuma yana ganin lafiyarta kullum. Akwai wata annobar kaji da ta fi tsanani lokacin hunturu, wadda ake kira da sunan garin Niyukasil na Ingila, inda aka gan ta a shekarar 1926. Takan share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma ana yin maganin rigakafin a Vom, kusa da Jos. In malamin dabbobi ya zo, kajin da ke akurki su ne ake samu a yi musu. Na kan itace wa zai kamo su? Sabuwar kaza kuwa, in an sayo ta, a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

Wannan aiki ne da ɗan makaranta zai iya ɗauke wa uwarsa. Kowace magariba ku ƙidaya kajinku, ku rufe ƙofa, ku wanke hannu da sabulu. Da safe ku buɗe, ku sāke ƙidayawa. In lissafin safe ya yi daidai da na dare, kun yi aikin mai tsaron ƙofa yadda ya kamata.

Tambayoyi

1. Don me kaza take neman wuri mai tsawo in rana ta faɗi?
2. Faɗi abubuwa huɗu da kan cuci kazar da ta kwana a waje.
3. In kuna da kaji 15, sanda mai mita nawa za ku gitta musu?
4. Me ya sa ba a korar kaza da duka zuwa akurki?