Kaki da Tarin Hunturu a Gombe: Abin da Ya Tabbata da Abin da Jita-jita Ce

Da zarar hunturu ya sauko Gombe, daga Pantami har Jekadafari, ko a sahun masallaci sai ka ji tari na amsa tari. Kowa kuma da tasa fatawar a kan kaki.

Wadda ta fi yawo ita ce, wai in kaki ya koma kore ko rawaya, ciwo ya kai a sha kafso, sai a zarce kemis. Ba haka ba ne. Launin daga fararen ƙwayoyin jini yake fitowa, waɗanda ke yaƙar cutar, kuma mura ta yau da kullum ma tana kawo shi. Yawancin irin wannan tari bairos ne ke haddasa shi, amoksisilin kuwa ba ya taɓa bairos. Shansa barkatai ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai yake yi.

Haɗiye kaki ma ba ya ruɓar da ciki. Ciki na narkar da shi. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace kuwa, gaskiya ne suna tayar da tari. Zuma tana lafar da shi, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar tarin fuka. Har yanzu akwai gidajen da ake cewa gado ne, ko sammu, a ware wa mara lafiya kwanonsa, a ɓoye shi cikin ɗaki rufe. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar cutar, kuma ta iska take yaɗuwa idan mai ita ya yi tari. Ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda sanyi ya fi kwanon haɗari nesa ba kusa ba. Masu zargin fura da nono suna da ɗan abin kamawa: madarar saniya da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fukan shanu.

Saboda haka kwanaki za ka ƙirga, ba launi ba. Tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da jini, rama, zazzaɓi ko gumin dare, a kai kakin gwaji Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana kuma shan maganin wata shida cur, ko da tarin ya lafa tun a wata na biyu.